Yadda Sabon Shiga Ke Shirya wa Tseren Tirayatilon

Tirayatilon tsere ne guda ɗaya da aka haɗa wasanni uku a cikinsa. Ana farawa da ninƙaya, a fito daga ruwa a hau keke, a sauka a ƙarasa da gudu. Agogo ba ya tsayawa tun daga shiga ruwa har zuwa ƙetare layin ƙarshe, saboda haka lokacin da ɗan wasa ya ɓata wajen ɗaura hular kwano ko sa takalmi shi ma yana cikin lissafi. Akwai hikima a yadda aka jera su. Wanda ƙarfinsa ya ƙare yana gudu zai iya raɓewa gefen hanya ya zauna ya huta, amma wanda ya gaji a tsakiyar ruwa ba shi da gefen da zai raɓe, shi ya sa ake gamawa da ruwa tun jiki na da sauran ƙarfi.

Wasan a siffarsa ta yanzu ya faro ne a Mission Bay da ke birnin San Diego na Amurka, ranar 25 ga Satumba, 1974, inda mutum 46 suka fafata. A 1978 aka yi gasar Ironman ta farko a tsibirin Oahu na Hawai: mutum 15 suka fara, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. An kafa hukumar wasan ta duniya a garin Avignon na Faransa a 1989, wadda yanzu ake kira World Triathlon, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000.

Tseren yana da matakai gwargwadon nisa. Gajeren tsere, wanda shi ya dace da sabon shiga, ya ƙunshi ninƙayar mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Na Olamfik ninkin wannan ne: kilomita 1.5 a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙafa. Rabin Ironman kilomita 1.9 ne da 90 da 21.1, shi kuwa cikakken Ironman kilomita 3.8 da 180 da 42.2. Akwai kuma wani ɗan ƙarami da ake shiryawa musamman don masu ɗanɗanawa, mai kimanin mita 400 a ruwa, kilomita 10 a keke, da biyu da rabi na gudu. Sunan Ironman ya fi kowanne tashe, kuma shi ke jan mutane da yawa zuwa wasan, amma fara shi a karon farko ganganci ne. Mai lafiya da ya iya ɗan iyo yana buƙatar kimanin mako 12 kafin ya shiga gajeren tsere. Wanda bai iya ruwa ba sam, sai ya ƙara wata biyu ko uku a gaba don koyon iyo kaɗai.

Kafin a fara komai, wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ciwon sukari, asma, ko wanda aka taɓa samun ciwon zuciya a danginsa, ya kamata ya ga likita. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya marar tsari a lokacin atisaye, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Ninƙaya

Ninƙaya ita ce mafi gajarta a cikin tseren, minti 15 zuwa 25 ga yawancin sababbi, amma ita ce ke cin mafi yawan koyo, kuma a cikinta aka fi samun asarar rai a wannan wasa. Ƙarfi ba ya maye gurbin iyawa a ruwa. Ƙaƙƙarfan ɗan ƙwallo na iya shiga ruwa ya yi mita 50 ya kama haki, alhali dattijon da ya san dabara yana wuce shi a hankali ba tare da ya ɓata ruwa ba.

Abu na farko shi ne numfashi. Sabon mai iyo yakan riƙe numfashinsa idan fuskarsa na cikin ruwa, sannan in ya ɗago ya so ya fitar da iska ya kuma shaƙi wata a lokaci guda. Lokacin ba ya isa, iskar da ta gurɓace ta taru a ƙirji, sai firgici ya biyo baya. Gyaran shi ne a riƙa fitar da iska a hankali ta hanci da baki muddin fuska na cikin ruwa, ta yadda in an juya kai gefe shaƙa kawai za a yi. Ana koyon wannan a tsaye a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, a nitsa fuska a hura, a juya a shaƙa, sau ashirin ko talatin kafin a fara iyo.

Na biyu shi ne kwanciyar jiki. Jiki a ruwa kamar sikeli yake: in kai ya ɗaga, ƙugu da ƙafafu su nitse, mutum ya koma jan jikinsa kamar mai hawa tudu. Ido ya kalli ƙasan ruwa, wuya ya miƙe, ƙugu ya taso kusa da saman ruwa. Wajen shaƙar iska ba a ɗaga kai, juya shi ake yi tare da kafaɗa har baki ya fito. Hannu ya shiga ruwa a gaban kafaɗa, ya miƙe, ya kamo ruwa ya tura shi baya har zuwa cinya. Ƙafafu kuwa bugu kaɗan ya ishe su, daga ƙugu ba daga gwiwa ba, domin akwai keke da gudu suna jiran su a gaba.

A wurin ninƙaya mai tsawon mita 25, mita 750 tsawo 30 ke nan. Ba a fara da ƙoƙarin yin su a jere. Ana yin tsawo ɗaya a huta daƙiƙa 20 zuwa 30, a maimaita sau goma ko sha biyu. Bayan mako biyu ko uku a koma tsawo biyu-biyu, daga nan huɗu-huɗu, ana rage hutun a hankali. Zuwa mako na takwas ya kamata a iya yin mita 750 ba tsayawa, ko da a hankali ne. Shiga ruwa sau uku a mako na minti 30 ya fi amfani a kan sau ɗaya na awa ɗaya da rabi, saboda hannu da numfashi suna saurin mance abin da suka koya. Wanda ya samu malamin iyo ko na 'yan kwanaki ne ya rage wa kansa wahalar watanni, domin mai iyo ba ya ganin kuskurensa, sai na waje ya gani.

Yawancin gasanni a buɗaɗɗen ruwa ake yin su, tafki ko kogi ko teku, kuma wannan wani karatu ne daban. Babu layi a ƙasa da za a bi, babu bango da za a dafa, ruwan sau da yawa ba a ganin komai a cikinsa, ga mutane suna bugun juna da hannu da ƙafa. Dole a koyi ɗaga ido sama da ruwa kaɗan bayan kowane bugun hannu shida zuwa goma, a hango alamar da ake nufa, a mayar da fuska. Wanda bai saba da haka ba yakan karkace ya ƙara wa kansa nisa. Dokar wasan ba ta tilasta wani salon iyo ba, don haka in numfashi ya rikice ana iya komawa iyon kwaɗo ko a juya rigingine har a dawo hayyaci. An yarda a riƙe alamar da ke kan ruwa ko kwale-kwalen da ke tsaye a huta, muddin ba a yi amfani da shi wajen ci gaba ba. Mai neman ceto hannu ɗaya yake ɗagawa sama ya yi kira. Iya ruwa fid da kai, kuma fita a jirgin masu ceto ma fita ce.

Ba a shiga buɗaɗɗen ruwa a kaɗaice, komai ƙwarewa. Ga mai atisaye a ƙasar Hausa akwai ƙarin hatsari: kududdufai, madatsun ruwa da magudanan noman rani da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa ta huda fata ta shiga jini. Alamarta da aka fi sani ita ce jini a fitsari, kuma maganinta na asibiti ne. Wurin ninƙaya na gini da ake sa wa magani ya fi aminci nesa ba kusa ba. Wanda bai samu ruwa mai aminci ba yana iya farawa da duwatilon, ɗan'uwan wannan wasa da ake yin gudu, keke, sannan gudu, ba tare da ruwa ba.

A ƙasashe masu sanyi ana sa rigar roba mai kauri da ke riƙe ɗumin jiki, tana kuma taimakawa wajen yawo a saman ruwa. Ga yawancin 'yan sha'awa a tseren da ninƙayarsa ba ta wuce mita 1,500 ba, dokar hukumar duniya ta hana sa ta idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22, don haka bai kamata a dogara da ita ba.

Keke

Kusan rabin lokacin tsere a kan keke yake tafiya. Tsadar keke ba ta da muhimmanci a gasar farko. Duk keken da birkinsa biyu ke kamawa, sarƙarsa na da mai, tayoyinsa na riƙe iska, ya isa. Abin da ba a sassauta a kansa shi ne hular kwano, ba a barin kowa ya shiga tsere babu ita.

Tsayin sirdi shi ne gyara mafi muhimmanci. A zauna a kai, a ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa: in ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkace ba, tsayin ya yi daidai, domin in an mayar da gaban tafin ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa yana jawo ciwon gaban gwiwa, wanda ya yi sama kuwa yana sa ƙugu rangaji da ciwon bayan gwiwa.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne sa giya mai nauyi suna dannawa da ƙarfi, suna ganin a nan saurin yake. Wannan yana ƙone cinya kafin a zo gudu. An fi so a sa giya mai sauƙi, feda na juyawa sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya. Ana gane haka ta ƙirga juyin ƙafa ɗaya cikin daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Hawa biyu a mako sun isa: ɗaya na minti 40 a tsakiyar mako, ɗaya mai tsawo a ƙarshen mako da ake farawa da minti 45 a riƙa ƙarawa har ya kai awa ɗaya da rabi. A cikin waɗannan hawa ne ake koyon ɗauko gorar ruwa a sha ba tare da an tsaya ba, da shan kwana, da canza tif in taya ta yi faci, domin ranar gasa babu mai faci a bakin hanya.

A yawancin gasannin 'yan sha'awa an hana laɓewa a bayan wani mai keke don ya kare wa mutum iska. Ana barin tazarar da doka ta ƙayyade tsakanin keke da keke, wanda kuma ya shiga wannan tazara da niyyar wucewa dole ya wuce cikin 'yan daƙiƙu.

Gudu

Gudu shi ne wanda kowa ke ganin ya iya, kuma shi ya fi jawo rauni, saboda kowane taku nauyin jiki ne ke sauka a kan ƙashi da jijiya. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙwauri da gwiwa da jijiyar dunduniya suna ɗaukar watanni. Wanda bai saba ba ya fara da haɗa gudu da tafiya: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, har minti 20 zuwa 25. Kowane mako a ƙara gudun a rage tafiyar, ba tare da ƙarin ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi makon baya ba. Takalmin gudu mai laushi da ya dace da ƙafa shi ne kayan da ya cancanci a kashe masa kuɗi. Ciwon da ke tsaye a wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa in ana gudu, alama ce ta a dakata.

Tsarin mako

Atisaye shida a mako shi ne ma'auni: biyu na ruwa, biyu na keke, biyu na gudu, da kwana ɗaya na cikakken hutu. Wanda ninƙaya ke ba wa wahala ya ƙara na uku a ruwa. Duka-duka awa huɗu zuwa shida ne a mako. Akwai jarabar da ke kama kowa, wato ya riƙa yawaita wasan da ya fi iyawa yana gudun wanda ke ba shi kunya. Tsohon ɗan gudu zai so ya yi gudu kullum ya riƙa ɗage zuwa ruwa. Wasan da mutum bai fi iyawa ba shi ya kamata ya samu lokacin da jiki ya fi ƙarfi.

Mafi yawan atisayen, kamar kashi 80 cikin 100, ana yin sa ne a hankali, a saurin da mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa ba tare da maganar na yankewa ba. Sauran kashi 20 ne ake matsawa, misali minti uku da sauri, minti biyu a hankali, sau huɗu ko biyar, kuma wannan ba ya shigowa sai bayan makonni huɗu na farko. Ana ƙara nauyin atisaye mako uku a jere, a mako na huɗu a rage shi da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Jiki a lokacin hutu da barci yake gina ƙarfin da atisaye ya nema, shi ya sa mai tsallake hutu yakan wayi gari ƙafafu sun yi nauyi, barci ya ƙi, ga saurin fushi.

Daga mako na biyar ake shigo da atisayen haɗi, wato a sauka daga keke a fara gudu nan take. Duk wanda ya gwada karon farko yakan ji ƙafafunsa kamar na aro, sun yi nauyi, taku ya ƙi daidaita, saboda tsokar ta daɗe tana juya feda a zaune. Wannan yana gushewa bayan minti biyar zuwa goma, kuma yana raguwa da sabo. Ana farawa da keke minti 30 da gudu minti 5 zuwa 10, sau ɗaya a mako, har a kai keke minti 50 da gudu minti 20. Gajerun taku masu sauri a farkon gudun sun fi dogayen taku taimako.

Filin sauyi

Filin sauyi shi ne inda ake ajiye keke da kaya, kuma masu wasan suna ɗaukar sa kamar wasa na huɗu. Kowa na da ɗan wuri gefen kekensa inda zai shimfiɗa ƙaramin tawul ya jera kaya bisa yadda zai buƙace su: hular kwano a buɗe, tabarau a cikinta, takalmi an sassauta igiyarsa, lambar tsere a ɗaure a ɗamarar roba. Doka ce a ɗaura hular kwano a maƙale igiyarta kafin a taɓa keke, kuma ba a kwance ta sai an mayar da keke mazauninsa. Ba a hawa keke a cikin filin, tura shi ake yi har a wuce layin hawa, haka kuma a sauka kafin layin sauka. Lamba tana baya a lokacin keke, a juyo ta gaba a lokacin gudu. Ba a yarda da abin sauraren kiɗa a kunne ba, ba a kuma yarda a bar ƙirji a buɗe a keke ko a gudu ba. Yana da kyau a lura da wata alama da ba ta motsi, kamar bishiya ko turke, kusa da inda keke yake, domin mutum kan fito daga ruwa da ɗan jiri ya tarar da ɗaruruwan kekuna masu kama da juna. Gwada wannan sauyi sau uku ko huɗu a tsakar gida ya isa ya zauna a kai.

Zafi, ruwan sha da abinci

A inda zafi ke haura digiri 40, kamar Kano, Sakkwato ko Maraɗi a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin atisaye shi ne bayan sallar asuba ko dab da magariba. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a cikin zafi, don haka a waɗannan kwanaki ana sassautawa. Ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa ko tangaɗi alamu ne na zafi ya yi wa jiki yawa: a tsaya, a nemi inuwa, a zuba wa jiki ruwan sanyi, in ruɗewar ta ci gaba a garzaya asibiti. A ranakun da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya haƙura da fita. A watan azumi ana mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa.

Ana iya sanin yawan gumin da mutum ke yi ta hawa sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Fitsari mai duhu na nuna ƙarancin ruwa. Amma ɗirkar ruwa zalla fiye da ƙima shi ma haɗari ne, domin yana tsinka gishirin jini, shi ya sa a dogon atisaye ake haɗawa da ruwan gishiri da sukari. Gajeren tsere ba ya buƙatar ci a hanya, gora ɗaya a kan keke ta wadatar. In aiki ya wuce awa ɗaya da rabi ne ake ƙara abu mai zaƙi kamar dabino ko ayaba. Abincin yau da kullum, tuwo, shinkafa, dankali, wake, ƙwai, kifi, nono da ganye, ya ishi sabon shiga ba tare da sayen wani garin gina jiki ba.

Makon ƙarshe da ranar gasa

A kwana bakwai zuwa goma na ƙarshe ana rage atisaye zuwa kusan rabi, a bar 'yan gajerun motsi don kada jiki ya yi sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ba a samu ba a mako 11 ba za a same shi a na 12 ba, kuma ranar gasa ba a gwada sabon takalmi, sabon tabarau ko baƙon abinci. Ana karya kumallo awa biyu zuwa uku kafin a fara, da abu marar nauyi da ciki ya saba da shi, kamar koko ko burodi da ayaba. A isa wurin da awa ɗaya da rabi a hannu, a jera kaya, a bi hanyar shiga da fita filin sauyi da ƙafa, a ɗaura na'urar auna lokaci a idon sawun hagu don kada ta kama sarƙar keke. A shafa man basilin a hammata, wuya da tsakanin cinyoyi saboda gogar fata.

Wajen farawa, sabon shiga ya tsaya a baya ko a gefe, ya bar cunkoson ya wuce da 'yan daƙiƙu, ya yi mita 200 na farko a hankali fiye da yadda zuciyarsa ke so. A keke ya riƙe saurin da zai iya furta gajeriyar magana, ya sa giya mai sauƙi a kilomita na ƙarshe don ƙafafu su warware. A gudu an yarda a taka a hankali in an gaji, musamman a wurin raba ruwa. Yawancin masu shiga karon farko suna gama gajeren tsere tsakanin awa ɗaya da kwata zuwa awa biyu. Bayan gasa ana hutawa kwana uku zuwa biyar kafin a koma atisaye mai sauƙi, kuma wanda ke son hawa matakin Olamfik yana buƙatar ƙarin wata uku zuwa huɗu a kan wannan tsari.